Injin da na ƙera, da hannun da ya ci

Ranar da sunan ɗana na biyu ya fito cikin waɗanda aka ɗauka karatun injiniya a jami'ar da ke Samaru, muna cin tuwo a tsakar gida bayan isha'i, ya dube ni baki har kunne ya ce, "Baba, ƙasar nan ba abin da zai fid da ita sai fasaha. Duk wahalar nan da ake sha rashin injina ne." Na ce Allah Ya sa albarka, na ci gaba da cin tuwona. Da ya fita, uwarsa ta ce, "Haba Malam, yaro na murna ka yi masa gum kamar an aiko maka da rasuwa." Ban tanka ba, ita ma ba ta ƙara ba, don ta san abin da ya taso mini.

Shekara talatin da 'yan kai ke nan ina ƙera injina a Zariya. Da kuɗinsu na yi aure, da su na gina gidan da muke ciki, da su na sauke farali. Ba bakina za a ji zagin inji ba. Amma akwai abin da na sani game da shi wanda ba a rubuta mana a allo ba lokacin da muke makaranta, kuma ban iya faɗa wa yaron nan a kan tabarmar cin abinci ba.

A cikin birni aka haife ni, a 1968, kuma gidanmu gidan ƙira ne tun kaka da kakanni. Na buɗe ido na tarar da Baba zaune gaban uwar maƙera, masaba a dama, awartaki a hagu, ni kuwa zuga ce aikina har sai kafaɗa ta sage. Fartanya, garma, lauje, gatari, magirbi, duk muna yi. Da an ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, zaurenmu sai ya cika da manoma daga Dakace da ƙauyukan hanyar Soba. Baba bai taɓa riƙe ma'auni ba. Mutum zai zo neman garma, sai ya ce masa ya miƙe tsaye, ya dubi tsayinsa da faɗin kafaɗarsa, ya tambaye shi gonar jigawa ce ko fadama, shi zai yi noman ko ɗansa, sannan ya zaɓi ƙarfe. Da na fara zuwa makaranta, wannan ɗabi'a tasa ta riƙa ba ni kunya. Gani nake ɓata lokaci ne irin na wanda bai san lissafi ba.

Kakana ya riski masu narka tama. Yakan ba mu labarin yadda ake kwana ana hura wuta kafin a sami ƙarfen da bai wuce na garma biyu ko uku ba. Jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, a layin da aka ja daga Baro zuwa Kano, Sabon Gari ya tsiro a gefen tasha, tsofaffin ƙarafan kwangiri da na taragu suka cika kasuwa. Maƙera suka ji daɗi, ƙarfe ya yi araha kuma ya fi tsabta. Masu narka tama kuwa suka watse a hankali, ba wanda ya yi musu zaman makoki. Kakana yakan ambaci wannan ne kamar yadda ake ambaton farin shekarar da ta wuce.

Abin da ya sa na ƙaunaci inji ba ƙira ba ce, Inna ce. Gidanmu baki ya fi ashirin. Tun kafin kiran assalatu za ka ji taɓarya. A surfa dawa, a bakace, a wanke, a shanya, a koma turmi, a tankaɗe, a mai da tsaki, a sake kirɓawa, kullum ta Allah, ban da jan ruwa a rijiya da guga. Tafin hannun Inna ya yi kanta har idan ta shafa mini kai sai in ji kamar ɓawon itace. Ina da shekara tara wani attajiri ya kafa injin niƙa a unguwarmu, Lista mai shan gas, mai manyan ƙafafu biyu na ƙarfe da kukan nan nasa da ake ji har masallaci. Ni ake ɗora wa kwano a kai. Abin da ke cinye wa Inna rabin yini, sai in je in dawo da shi kafin ruwan tuwo ya tafasa. Bayan shekara biyu ta shiga Islamiyyar matan aure, ta iya haɗa baƙi tana da shekara arba'in, kuma kafin ta rasu ta sauke. Duk wanda ya ce mini inji bai amfani talaka ba, na san bai taɓa riƙe hannun macen da ke daka wa mutum ashirin ba.

Sai dai a gidan nan namu akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Da dakau da niƙau take riƙe da su. Gidajen masu hali su aiko mata hatsi, ta surfa ta daka, a ba ta ladanta, dusar kuma tata ce, ta ba awakinta ko ta sayar. Da inji ya zo, ba wanda ya ce mata ta daina, aikin ne ya daina zuwa. Kafin shekara ta zagayo ta sayar da awakin, ta tattara ta dawo ɗakin da ke kusa da na Inna, ta koma sai abin da aka ɗiba aka ba ta. Wata rana na dawo daga niƙa fuskata duk gari, ina ta yabon injin, sai ta ce, "Ɗan nan, shi wannan mai kukan naku, shi ma marayu gare shi?" Aka yi dariya, har da ni. Na kai shekara talatin kafin in gane ba wasa take yi ba.

Na yi makarantar koyon sana'a, daga nan na yi difiloma a fannin ƙere-ƙere. Muna cikin karatu gwamnatin Babangida ta kawo tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, darajar naira ta faɗi, injinan da ake shigowa da su daga Ingila da Indiya suka fi ƙarfin mai ƙaramin jari. Wahalar wasu ta zama kasuwar wasu. Masu walda suka fara kwance injin Bature su auna shi gaɓa-gaɓa su ƙera irinsa da ƙarfen tsofaffin motoci. Na buɗe shagona a Sabon Gari a 1991 da injin walda guda, da abin huda ƙarfe, da yara biyu. Lokacin masara ta mamaye gonakin Giwa da Soba har zuwa Saminaka, saboda taki da kuma ingantaccen irin da ke fitowa daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda tushenta ya faro tun 1922. Manomin da a da yake samun abin da matansa za su ɓare da hannu, yanzu ya tara tsibin da sanda ba za ta iya ba. Nakan je Samaru in tsaya gaban injinan gwaji na sashen ƙere-ƙerensu, in zana a takarda, in dawo shago in gwada. Injin bugun masara na farko da na yi ya farfasa ƙwaya kamar tsaki, na uku ne ya yi daidai, bayan na rage gudun gangar na kuma buɗa tazarar da ke tsakaninta da raga. Ranar da na ga buhu ya cika cikin 'yan mintoci, mutanen ƙauye sun kewaye ni suna kabbara, na ji kamar ni na ƙirƙiro ƙarfe.

Mu Zazzagawa muna da alfahari da irin wannan, kuma da dalili. Jami'a tun 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama tun 1964, har na'urar nukiliya ta bincike muna da ita a Samaru tun 2004, wadda ta fara aiki da ƙarfin kilowat 30. Wani abokina yakan ce janaretan gidan wasu masu kuɗi ya fi ta ƙarfi, in ce masa ai ba don haska gari aka yi ta ba. Amma idan ka fito titi ka ga ɗan ga-ruwa yana tura kura da jarkoki a garin da ya yaye injiniyoyin ruwa da yawa, sai ka rasa bakin magana.

A zanen kowane inji da aka koya mana akwai murfi a kan bel da fuli, wato ƙafar da bel ke naɗe da ita yana juyawa. A kasuwa kuwa babu. Dalilin ba boyayye ba ne. Mai saye zai zo, ka faɗi kuɗi, ya ce na shagon gaba ya fi sauƙi. Ka duba inda za ka rage. Ba ka isa ka rage boris ba, injin zai tsaya cikin mako guda a dawo maka da shi. Ba ka isa ka rage kaurin shaf ba, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, zai lanƙwashe. Abu ɗaya ne za ka cire injin ya ci gaba da aiki lafiya lau, mai saye ma bai lura ba, shi ne murfi. Falan ƙarfe ne guda da 'yan sanduna da aikin rabin yini, bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na kuɗin injin ba. Dukkanmu haka muke yi, kuma ban taɓa jin wani ya kira shi laifi ba.

A kakar 1998 wani magidanci daga wani ƙauye a yankin Giwa ya sayi kan niƙa a wurina, zai haɗa da injinsa ɗan Indiya mai kama da Lista. Da kaina na je na zuba masa siminti, na daidaita fuli da fuli, na ja bel mai faɗi wanda ya kai taku huɗu tsakanin injin da kan niƙan. Irin wannan bel ana haɗa bakinsa biyu da wasu haƙoran ƙarfe, kuma idan ya kwana biyu haƙoran kan ɗan tasa. Injin yana juyi 650 a minti, wato kusan sau goma sha ɗaya a daƙiƙa guda. Na gwada, gari ya fito sumul, aka yanka mini zakara, na hau babur na dawo.

Bayan wata biyu mutumin ya shigo shagona da shaf a kafaɗa, ya ce a miƙar masa, a kuma ba shi sabbin haƙoran bel. Na tambaye shi me ya lanƙwasa ƙarfe mai wannan kauri. Ya ce, "Wallahi Malam, tsautsayi ne ya faɗa wa yaron wajena." Ɗan ƙanensa ne, shekararsa goma sha ɗaya, shi ke zuba hatsi idan manya sun tafi gona. Bel ya zame, yaron ya sha ganin ana mai da shi da hannu inji na tafiya, ya kai hannu, haƙoran suka kama hannun rigarsa. Ko da aka kashe injin, ƙafafun nan masu nauyi ba sa tsayawa nan take. A bayan a-kori-kura aka kawo shi asibiti a Zariya, aka yanke hannun dama daga saman gwiwa. Ya gama ba ni labari ya ce, "Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Yaushe zan dawo in karɓi ƙarfen?"

Da yamma na je asibitin da lemo a leda. Yaron yana kwance, kafaɗar a naɗe, da ya gan ni sai ya yi ƙoƙarin tashi zaune ya ce, "Sannu da zuwa, Baba." Ya tuna ni, ni ne mai injin da aka yanka wa zakara. Uwarsa ta durƙusa ta yi mini godiyar zuwa dubiya. Da wani a ɗakin nan ya zage ni ko ya ci kwalata, da na sami abin riƙewa, in yi musu, in kare kaina. Babu wanda ya ko ɗaga mini murya. Na fito na zauna a kan babur na fi rabin sa'a ban tayar ba.

Baba a lokacin ya tsufa, ido ya yi rauni, ya bar wa ƙanena maƙera. Na same shi a zaure na faɗa masa komai. Ya yi shiru, can ya ce, "Da ka je kafa injin, ka tambayi wa zai riƙa tsayawa a gabansa?" Na ce a'a. Ya ce, "To ni ko lauje ban taɓa ƙera wa mutum ba sai na ga hannunsa." Bai ƙara ko kalma ba, ya nemi a miƙo masa butarsa.

Na kai maganar wurin malamin da nake ɗaukar karatu a zaurensa, ina fatan ya ce ƙaddara ce in sami barci. Ya ce ƙaddara ce mana, amma ka san hukuncin wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ya bar ta a buɗe, wani ya faɗa. Malaman fiƙihu ba su ce a tambayi rijiyar ba, mai haƙawa suka ɗora wa lamuni. Daga nan na ɗauki nauyin karatun yaron gwargwadon hali, na kuma yi wa kaina alkawarin inji ba zai sake fita shagona ba murfi ba.

Kada a ɗauka daga nan komai ya gyaru. Ciniki ya ja baya kusan shekara biyu. Maƙwabta suka sa mini suna Injiniyan Turai. Abin da ya fi ba ni haushi, sai in je gyara ƙauye in tarar an kwance murfin, an kifa shi a tsakar gida ana zuba wa kaji dusa a ciki. Da farko na riƙa faɗa, daga baya na zauna na tambaye su dalili. Suka ce noti huɗu ne, kullum bel ya zame sai an nemo sifana, ga layin mata na jira, kuma ba sa ganin bel ɗin balle su san ya saki. Gaskiyarsu. Na yi murfin ne don in wanke kaina, ban yi shi don mai aiki da injin ba. Sai na koma yin sa da raga yadda za a ga ciki, na sa masa ƙyaure mai sakata da ake buɗewa da hannu ɗaya, gindinsa kuma na like da walda yadda ba zai zama kwanon kaji ba. Injin bugun masara na tsawaita maƙogwaronsa ya wuce tsawon hannun babban mutum, don komai gaggawar mai turawa yatsunsa ba za su kai ganga ba. A nan ne na lura ina yin abin da nake jin kunyar Baba yana yi, ina tambayar mutum wa zai yi aikin, mace ce ko yaro, da wace irin riga.

Akwai kuma abin da ido ba ya gani. Faifan ƙarfen da ke niƙa hatsi, wanda muke kira dutse, yana cinyewa, shi ya sa ake kawo shi wasawa. Wata rana na tambayi kaina ina ƙarfen da ya cinye yake tafiya. Na ciro maganaɗisu daga tsohuwar lasifika na tura cikin garin da aka niƙo wa gidana, ya fito da gemu baƙi. Tun daga ranar nake manna maganaɗisu a bakin da gari ke fita, ina kuma roƙon masu niƙa su fara zuba dusa su zubar duk lokacin da aka sa sabon dutse. Wasu na yi, wasu na ganin asarar dusa ce.

Na ɗauka na biya bashina, sai ga 2009. Wasu mutane daga wajen Zamfara suka riƙa biyowa ta Funtuwa suna sayen injin niƙa, ba sa ko taya ciniki, kuma kowane zuwa sai sun kwashi dutse kamar za su buɗe shago. Dutsen da mai niƙa dawa zai yi watanni da shi, su cikin kwanaki sun cinye. Na tambaya, suka ce duwatsu suke niƙawa, zinariya ce a ciki. A shekarar farashin zinariya ya haura dala 1,000 kowace oza. Na yi musu fatan alheri, na ƙara oda, har na yi wa maiɗakina albishir kasuwa ta buɗe. Kowane inji da murfinsa na raga, da ƙyaurensa, da sakatarsa.

A watan Maris na 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka ga Bagega ma abin ya kai can. Duwatsun cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a farfasa, a niƙa a busashe da injin da aka yi don hatsi, ƙurar ta sauka a tsakar gida inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. A wasu gidajen an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta wuce kashi 100,000 cikin miliyan, alhali a Amurka iyakar da aka sa wa wurin wasan yara a lokacin 400 ce. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka sha magani, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A rediyo na ji, ina tsaye da abin walda a hannu. Injinan nan ba su da lamba ba su da suna, nawa da na Gusau da na Funtuwa duk kamarsu ɗaya, kuma na daɗe ina fakewa da wannan kafin in daina. Tun a makaranta na san niƙa dutse da ruwa yana kashe ƙura, kuma shi ne abin da aka dawo ana koya wa masu haƙar bayan an yi asarar. Na tambaye su wa zai tsaya gaban injin, suka ce ƙarti ne majiya ƙarfi. Ban tambaye su a ina za su kafa shi ba.

Abokan sana'ata sukan ce ƙarfe ba shi da laifi, wuƙa ma tana yanka albasa tana yanka mutum. Na daina faɗin haka. Ƙarfe ba ya faɗowa daga sama da siffarsa, wani ne ya zauna ya yanke shawarar abin da zai sa da abin da zai cire don kuɗi su yi daidai, kuma wanda abin da aka cire zai faɗa wa ba ya wurin lokacin ciniki. Gwaggo ba ta wurin, yaron Giwa ba ya wurin, jariran Anka ma haka.

Duk da haka ba zan ɓoye alherin da na gani ba. Autarmu da tiyata aka ciro ta a 2004, cikin dare, kuma da ba don wayar salula da ta shigo a 2001 ba, da ban sami maƙwabcin da ya kai mu asibiti a kan lokaci ba. Na tsaya a baranda ina kallon fitilar ɗakin tiyata ina roƙon Allah kada janareta ya tsaya, ni da na san irin ƙananan abubuwan da ke tsayar da janareta. Wayar nan dai ita ce ɓarayin daji ke kiran mutane da ita suna yanka kuɗin fansa, har a ƙarshen 2021 aka katse layuka a yankin Giwa da Birnin Gwari, abokan cinikina suka riƙa hawa mota zuwa Zariya don kawai su kira 'yan'uwansu. Masu noman rani a bakin Galma kuma, injin ban ruwa ya ninka musu tumatir da albasa har suka manta yadda ake kafa jigo. Da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin kwanaki, na ga dattawa zaune gefen injinansu ga ruwa a gabansu ga shuka na ƙonewa. Yanzu rabin aikin shagona ƙera ƙafafun faifan sola ne da mai da injina su koma shan iskar gas, kuma kowane na ɗauka sai na tambayi kaina wane ne ba ya wurin.

Yaron nan na Giwa ya girma. Ya gama sakandare, ya koyi rubutu da hagu, ya fara da cajin waya a kasuwar garinsu, yanzu yana da rumfar cire kuɗi da mata da 'ya'ya uku. Duk sallah yakan zo gaishe ni, har yau Baba yake kirana, kuma bai taɓa ɗaga maganar ba. Ni ma ban taɓa iya ɗagawa ba sai sau ɗaya, na nemi gafararsa, ya ce shi bai riƙe ni da komai ba, ya canza zance zuwa tsadar taki.

A ranin da ya wuce ya shigo shago ranar wata Asabar, ɗana injiniya yana nan ya zo hutu yana taya ni yankan ƙarfe. Ya ce injin markaɗe yake so ya saya wa maiɗakinsa, ƙarami mai aiki da lantarki, ta riƙa markaɗa wa maƙwabta wake da tattasai daga cikin gida. Na faɗi kuɗin kayan kawai, ban sa ladan aiki ba. Ya zagaya wanda ke ajiye, ya ƙwanƙwasa ragar da yatsa, ya ce, "Baba, idan an cire wannan kejin nawa za a rage?"

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ya yi dariya ya ce, "Ni da nake da guda ɗaya, wanne kuma ake tsare mini?"

Na ce, "Wanda ya rage."

Ya ce to ya ji, amma in san abubuwa sun yi tsada. Na tambaye shi inda za a kafa, ya ce a rumfar tsakar gida, kusa da madafa. Na tambayi wa da wa ke wasa a wurin, ya ce yaran mana, ƙaramin shekararsa uku, ba ya zama wuri ɗaya. Na dubi ragar da ke jikin injin, idonta ya isa babban yatsana ya shiga. Ɗana ya ajiye abin yanka yana kallonmu, ya kalli hannun rigar da aka naɗe aka maƙale da fil, ya kalle ni. Bai san labarin ba, uwarsa ce ta ba shi daren nan.

Na ce wa mutumin ya dawo ranar Laraba, ya taho da ƙaramin yaron. Ya ce me yaro zai yi a shagon walda. Na ce yatsunsa nake so in gani kafin in sayo raga. Ɗana ne ya auna su da Larabar, yaron na ta kuka yana ɓuya bayan ubansa, sai da aka sayo masa alawa sannan ya miƙo hannu. Raga mai ƙananan ido ba ta samu a Sabon Gari ba a makon, sai da na aika Kano, injin ya yi lattin kwana tara.